Fyaɗen maza: ma'anarsa, abin da dokar Nijar ta tanada, da inda za a nufa

Fyaɗen namiji shi ne a sadu da yaro ko babban mutum ta dubura ko ta baki, ko a cusa masa wani abu a jiki, ba da yardarsa ba. Ana yin sa da ƙarfin tuwo, ko da barazana, ko da matsin wanda ke da iko a kan mutum, ko kuma a shammace shi yana barci ko bayan an ba shi abin da ya gusar masa da hankali. A dokar Nijar babban laifi ne, kuma sunansa da hukuncinsa ɗaya ne da na fyaɗen da ake yi wa mace.

A bakin jama'a kuwa, daga Birnin Ƙonni zuwa Malbaza da Illela, da wuya ka ji an kira shi fyaɗe. Abin da aka saba cewa shi ne "an yi luwaɗi da shi", ko "an lalata yaron". Maganar farko tana haɗa wanda aka zalunta da azzalumin a laifi guda, kamar da shirinsu aka yi. Ta biyu tana nuna kamar yaron ya gama amfani a duniya. Saurayin da ya san sunan da za a laƙa masa in ya buɗe baki, sai ya gwammace ya haɗiye. Ba ya zuwa likita, ba ya zuwa wurin jandarma, wanda ya cuce shi kuma ya ci gaba da harkokinsa har ya samu wani.

Abin da gidajen mari suka tona a 2019

Ranar 26 ga watan Satumba na 2019, ƴan sandan jihar Kaduna a Tarayyar Najeriya suka kutsa wani gida a unguwar Rigasa, suka fito da maza sama da 300, manya da yara, da yawansu da mari a ƙafa, bayansu duk tabon bulala. Gidan yana amsa sunan makarantar addini da gyaran tarbiyya. Ƴan sanda sun ce akwai ƴan Burkina Faso da Mali da Ghana cikin waɗanda aka kuɓutar, sun kama mutum 7, sun kuma ce an riƙa yin lalata da wasu daga cikin mazan da ƙarfi. An kwashe su zuwa sansanin alhazai na Kaduna kafin danginsu su zo.

Ba a cika mako uku ba sai ga irinsa a Daura. Waɗanda ake tsare da su a wani gidan mari sun yi bore, da dama suka tsere. Da ƴan sandan jihar Katsina suka shiga, sun tarar da mutum 67 masu shekara 7 zuwa 40, suka ce gidan ya tara sama da 300 kafin boren, kuma nan ma an samu koken cin zarafi ta hanyar lalata. A wannan makon aka buɗe wani gidan a cikin birnin Katsina, sannan Zariya, Ilori da Ibadan suka biyo baya. Zuwa farkon watan Nuwamba, waɗanda aka fitar daga irin waɗannan gidaje sun kusa 1500.

Abu uku ne suka sa abin ya daɗe a ɓoye. Na farko, iyaye ne da kansu suka kai ƴaƴansu, suna biyan kuɗi, da niyyar a raba su da ƙwaya ko taurin kai. Na biyu, wanda aka riga aka kira kangararre ko ɗan ƙwaya, duk abin da ya faɗa ƙarya ce a kunnen manya. Na uku, ƙofa a rufe take: a Rigasa sai bayan wata uku ake barin iyaye su zo ziyara, su ma a wurin da masu gidan suka keɓe. Kuma ba ƙananan yara kaɗai abin ya shafa ba, har da magidanta masu gemu.

Me ya haɗa wannan da ƙasar Dogarawa

Dogarawa ƙaramar hukuma ce a gundumar Malbaza, jihar Tahoua. Galmi mai albasa a cikinta take, bisa babbar hanyar RN1. Daga Ƙonni zuwa Sakkwato bai kai kilomita 100 ba. A wannan yanki namiji ba ya daɗewa a gaban iyayensa. Wani tun yana shekara 7 ko 8 ake damƙa shi ga malami ya tafi neman karatun allo a Sakkwato, Zariya ko Kano. Wani yana gama firamare sai a nema masa mai masauki a Malbaza, Ƙonni ko Illela don ya shiga koleji da lise. Wanda ya samu BAC ya wuce jami'ar Djibo Hamani ta Tahoua, ko Abdou Moumouni ta Yamai, ko Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, ko André Salifou ta Damagaram. Saura su tafi ci-rani da an gama girbi.

Akasarin malaman allo da masu masauki mutane ne masu riƙon amana, da dama ma daga aljihunsu suke ciyar da ɗan wani. Sai dai duk waɗannan tafiye-tafiye suna da abu guda: yaro yana kwana nesa da wanda zai kai wa kuka, kuma cinsa da makwancinsa da makomar karatunsa suna hannun wani. A watan Maris na 2020 ƙungiyar ANTD ta ƙidaya makarantun allo 1543 a jihohin Tahoua, Maraɗi da Damagaram, ta samu almajirai sama da dubu 86, fiye da dubu 76 daga cikinsu ana tura su bara. Yaron da ke yawo da ƙoƙo gida-gida da dare, yana kwana a zaure ko tasha, kowa na iya yaudararsa da ragowar tuwo ko dala ashirin.

Yawan abin a alƙaluma

A watan Oktoba na 2024 hukumar UNICEF ta fitar da ƙiyasinta na farko na duniya baki ɗaya. Ta ce mata sama da miliyan 370, wato 1 cikin 8, an yi musu fyaɗe ko an taɓa su da lalata kafin su cika shekara 18. A ɓangaren maza adadin yana tsakanin miliyan 240 da 310, kimanin 1 cikin 11.

A maƙwabciyarmu Najeriya, binciken ƙasa kan cin zarafin yara da hukumar ƙidaya ta yi tare da UNICEF a 2014 ya nuna yarinya 1 cikin 4 da yaro 1 cikin 10 sun gamu da cin zarafi ta hanyar lalata kafin shekara 18. Waɗanda suka samu wani taimako a cikinsu ba su kai kashi 5 cikin 100 ba.

A Nijar, binciken ƙasa na 2021 kan cin zarafi mai nasaba da jinsi ya samu kimanin kashi 38 cikin 100 na mata da kashi 16 cikin 100 na maza sun taɓa gamuwa da shi a rayuwarsu. Wannan adadi ya haɗa kowane iri ne, duka da zagi da tauye haƙƙi da lalata, ba fyaɗe kaɗai ba.

Duk waɗannan alƙaluma suna nuna mata ne suka fi shan wannan zalunci, nesa ba kusa ba. Suna kuma nuna na maza ba tsautsayi ba ne na sau ɗaya a shekara goma. A ajin koleji mai samari 40, lissafin UNICEF yana nufin uku ko huɗu.

Ɗaliban jami'a

Mutane da yawa suna yarda ana iya cutar ƙaramin yaro, amma ba sa yarda ana iya cutar ƙato ɗan shekara 20. Inda aka zauna aka yi bincike, abin ya nuna akasin haka. A 2019 ƙungiyar manyan jami'o'in Amurka ta AAU ta yi wa ɗalibai sama da dubu 180 tambayoyi a jami'o'i 33. Kusan kashi 26 cikin 100 na ɗalibai mata masu neman digirin farko, da kusan kashi 7 cikin 100 na maza, sun ce an sadu da su ko an taɓa su da ƙarfi, ko a halin da ba su iya cewa a'a, tun shigarsu jami'a.

Shara'o'i biyu sun nuna hanyoyin da aka fi bi. A jami'ar jihar Ohio ta Amurka, rahoton da aka fitar a watan Mayu na 2019 ya tabbatar da cewa likitan ƴan wasa, Richard Strauss, ya ci zarafin ɗalibai maza aƙalla 177 cikin kusan shekara 20, yana fakewa da gwajin lafiya. Rahoton ya ce tun 1979 wasu ma'aikatan jami'ar suka fara jin koke, amma aka riƙa mayar da abin raha. Strauss ya mutu a 2005 ba tare da ya gurfana gaban alƙali ba.

A birnin Manchester na Ingila kuma, a watan Janairu na 2020 aka yanke wa Reynhard Sinaga, wani ɗalibi ɗan Indonesiya, ɗaurin rai da rai bayan an same shi da laifuka 159 a kan maza 48, ciki har da fyaɗe 136. Yakan tare samarin da dare ya yi musu a waje, ya yi musu tayin wurin kwana ko cajin salula, ya ba su abin sha da ya zuba wa magani. Akasarinsu ba su san abin da ya same su ba sai da ƴan sanda suka zo musu da hotunan da aka samu a wayarsa. Asirinsa ya tonu ne a 2017, ranar da wani saurayi ɗan shekara 18 ya farka a tsakiyar abin.

Na farko ya yi amfani da muƙami, na biyu da tayin alheri da ƙwaya. Ko wanne yana da ƙofar shiga a rayuwar ɗalibinmu. Sabon ɗalibi daga ƙauye yakan isa Tahoua ko Yamai bai san kowa ba. Ɗakunan kwana ba sa isa, sai ya raɓa da wani babba. Kuɗin bursu sukan yi jinkiri. Makin jarrabawa, wurin koyon aiki da sa hannu a kan kundin kammala karatu duk suna hannun mutum guda. Ƙwayoyin barci irin su diyazefam kuwa ana samun su a teburin mai tallar magani a kasuwa.

Su wa ke aikatawa

Akasari ba baƙo ba ne. Wanda yaron ya sani ne kuma yake jin nauyinsa: ɗan uwa, maƙwabci, babban almajiri, ɗalibin da ya girme shi a ɗakin kwana, maigidan da yake koyon sana'a a wurinsa, malami, mai horar da ƴan ƙwallo. A gidan kaso da wuraren tsare mutane ma abin sananne ne a duniya. Mafi yawan masu yi maza ne, da yawansu da matan aure da ƴaƴa. Akwai kuma mata manya da ke tilasta wa yaran gida ko almajiran da ke yi musu aike, abin da jama'a kan mayar abin dariya alhali yaron yana ɗauke da ciwonsa.

Ba kasafai ake farawa da ƙarfi ba. Ana farawa da kyauta, da keɓe yaro daga tsaransa, da nuna masa hotunan batsa a salula, da taɓawa da sunan wasa. In an kai ga aikatawa sai barazana ta biyo: in ka faɗa ba wanda zai yarda da kai, kai ma za a ce ɗan luwaɗi ne, zan kore ka daga gidana. Yanzu an ƙara da ɗaukar hoto, a ce za a watsa a WhatsApp ko Facebook.

Kurakuran fahimta da ke rufe bakin maza

"Namiji ba a fin ƙarfinsa." Tsoro mai tsanani yakan sandarar da jiki, mutum ya kasa motsi ko ihu. Likitocin ƙwaƙwalwa sun san wannan, yana samun maza da mata, har da sojoji. Rashin kokowa ba yarda ba ce.

"Ai jikinsa ya motsa, ke nan ya so." Miƙewar gaba, har da fitar maniyyi, aikin jijiya ne da ke iya faruwa ko mutum yana cikin firgici da ƙyama. Azzalumai suna amfani da wannan su ruɗa yaro, shi kuma ya shekara yana zargin kansa.

"Wanda aka yi wa, ya zama ɗan luwaɗi." Abin da aka yi wa mutum da ƙarfi ba ya bayyana halinsa, kamar yadda wanda ƴan fashi suka tare bai zama ɗan fashi ba.

"Shi ma zai yi wa wani." Mafi yawan waɗanda aka ci zarafinsu ba sa taɓa cutar kowa. Wannan zargi ne ke sa a kori yaro daga makaranta a bar wanda ya cuce shi.

"Ya yi zunubi." Hadisi na 39 a cikin Arba'una ta Imamu Nawawi, wadda ake karantawa a zaurukan malamanmu, yana karantar da cewa Allah ba ya kama bawa da abin da aka tilasta shi. A fiƙihu ma babu haddi a kan wanda aka fi ƙarfinsa aka aikata abin a kansa. Zunubi da hukunci na mai tilastawa ne.

Abin da dokar Nijar ta ce

Kundin hukunta laifuka na Nijar ya samo asali daga doka mai lamba 61-27 ta ranar 15 ga watan Yuli 1961. Gyaran da aka yi masa da doka mai lamba 2003-025 ta ranar 13 ga watan Yuni 2003 ya fassara fyaɗe a aya ta 283 da cewa duk wata saduwa ta hanyar shigarwa, ko wace iri ce, da aka yi wa wani mutum da ƙarfi, ko tilas, ko barazana, ko shammata. Ayar ba ta ce mace ba, ta ce wani mutum. Ke nan tun 2003 namijin da aka yi wa haka a Nijar, a idon doka fyaɗe aka yi masa.

Aya ta 284 ta yanka ɗaurin shekara 10 zuwa 20, in kuwa wanda aka cuta bai kai shekara 13 ba, shekara 15 zuwa 30. Hukuncin yana ƙara tsanani, har ya kai ɗaurin rai da rai, idan mai laifin mahaifi ne ko kaka, ko mai iko a kan wanda aka cuta, ko malaminsa, ko ma'aikacin gwamnati, ko jagoran addini, ko kuma taron dangi aka yi masa. Taɓa jiki da lalata ba tare da shigarwa ba shi ma laifi ne mai ɗauri, kuma a kan yaron da bai kai shekara 13 ba doka ba ta tambayar ko an yi amfani da ƙarfi. Gyaran na 2003 ya kuma shigo da laifin matsa wa mutum da umarni ko barazana don a samu biyan buƙatar lalata, wanda ya shafi mai riƙe maki ko takarda har sai an ba shi abin da yake so.

Mai gari da sarki suna da hurumin sasanta rikicin gona, aure, gado da bashi. Fyaɗe ba ya cikin abin da doka ta ba su. Sulhun da aka yi a zaure, aka biya kuɗin magani aka ce a rufa asiri, bai wanke mai laifi a gaban shara'a ba, kuma yakan bar shi a unguwa ɗaya da sauran yara.

A ƙetaren iyaka

Wanda abin ya same shi a Najeriya zai tarar da doka iri-iri. Tsohon kundin Penal Code na arewa, a sashe na 282, bai san fyaɗe ba sai wanda namiji ya yi wa mace. Dokar VAPP da shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a watan Mayu na 2015 ita ce ta faɗaɗa ma'anar ta haɗa da maza, da hukuncin da ke iya kaiwa ɗaurin rai da rai. A Abuja ta fara aiki, sai kowace jiha ta karɓe ta da kanta. Sakkwato ta yi haka a 2021. A jihohin da suka kafa kundin shara'ar Musulunci tun daga 2000, hukuncin luwaɗi yana da tsanani ƙwarai, shi ya sa wanda aka tilasta yake tsoron kada kukansa ya juye ya zama shaida a kansa. Akwai cibiyoyin da ke karɓar waɗanda aka yi wa fyaɗe kyauta, maza da mata: Nana Khadija a Sakkwato, Waraka a asibitin Murtala na Kano, da cibiyoyin Salama a jihar Kaduna.

Sauran ƙasashe ma ba da wuri suka gane ba. Faransa ta gyara ma'anar fyaɗe a 1980, Ingila ta amince ana yi wa namiji fyaɗe a 1994, Afirka ta Kudu a 2007, hukumar FBI ta Amurka kuwa sai a 2013 ta fara ƙidaya maza.

Awa 72 na farko

Abu mafi gaggawa shi ne likita, ko da mutum bai yanke shawarar kai ƙara ba. Saduwa ta dubura ita ce hanyar jima'i da ta fi saurin ɗaukar cutar sida, musamman in an ji rauni. Akwai maganin rigakafi da ake sha kwana 28, amma dole a fara shi kafin awa 72 su cika, kuma gara a ranar farko. Likita zai duba rauni da zubar jini, ya ba da maganin cututtukan sanyi, da allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B da ta tetanus idan da buƙata, sannan ya sa ranar sake gwajin jini.

A yankinmu ana iya farawa da CSI mafi kusa, wadda za ta tura mutum gaba in abin ya fi ƙarfinta. Akwai likitar gunduma a Ƙonni da Illela, da likitar Galmi da ke aiki tun 1950, da babbar likitar jiha a Tahoua. Ma'aikacin lafiya yana ƙarƙashin dokar riƙe sirri. Mutum yana da damar neman namiji ko mace ta duba shi, da neman a fitar da ƴan rakiya daga ɗakin.

In da hali, kada a yi wanka kafin a je, kada a wanke tufafin. A naɗe su a takarda ko tsumma mai tsabta, ba a leda ba, don danshi yana ɓata shaida. Kada a goge saƙonnin salula. Wanda ya farka bai san yadda aka yi ya kwana a wani wuri ba, da ciwo a jikinsa, ya faɗa wa likita da wuri, domin ƙwayoyin barci ba sa daɗewa a jini da fitsari. A nemi takardar likita a adana ta. Wanda kwana uku suka riga suka wuce masa, shi ma ya je: sauran magungunan da gwajin suna da amfani.

Abin da ke biyo baya

Raunin jiki yakan warke cikin makonni. Na zuciya yana iya shekaru: rashin barci, mugun mafarki, firgita in an taɓa mutum, saurin fushi, janyewa daga abokai, faɗuwa a jarrabawa, shan tramol don a manta. Wasu sai bayan sun yi aure matsalar ke fitowa, su yi ta yawon neman maganin sammu. Mafi haɗari shi ne tunanin kashe kai. Duk wanda ya furta haka, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi likita a ranar.

A wurin yaro ƙarami, alamomin da ya kamata uwa ta lura da su sun haɗa da wahalar zama ko tafiya, jini ko ƙazanta a wando, komawa fitsarin kwance, tsoron wani mutum ko wani gida ba dalili, kuɗi ko kayan da ba a san inda ya samo ba, da maganganun batsa da suka fi shekarunsa. Alama ɗaya ba hujja ba ce, amma dalili ce ta a zauna da shi a tambaye shi cikin lallashi. Yaron da ya gudo daga makarantar allo ko gidan mai masauki ya ce ba zai koma ba, a ji dalilinsa kafin a ɗauko bulala.

Kai ƙara

Ana kai ƙara a birgad ɗin jandarma, ko komisariyar ƴan sanda, ko kai tsaye wurin alƙali mai shigar da ƙara. Lambar ƴan sanda ita ce 17. Birnin Ƙonni yana da babbar kotu, haka ma Tahoua, Illela kuma tana da ƙaramar kotu. Jami'an da suka karɓi ƙarar za su ba da takardar zuwa likita, sannan fayil ɗin ya wuce wurin alƙalin bincike. In yaro ne, mahaifi ko uwa ko mai riƙonsa ne ke shigar da ƙarar, kuma akwai alƙalin yara da ma'aikatar kare yara ta gunduma. Ana iya roƙon kotu ta yi zaman a asirce.

Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi ofishin hukumar ANAJJ, wadda aka kafa da dokar watan Disamba na 2011 don taimaka wa marasa hali a gaban shara'a. Tana da ofis a manyan kotuna, kuma yaran da aka zalunta suna cikin waɗanda doka ta ba wannan taimako kai tsaye.

A wurin ba da bayani, kalma tana da nauyi. Mai ƙara ya ce "an yi mini fyaɗe", ya faɗi yadda aka tilasta shi, da barazanar da aka yi masa, da abin da aka ba shi ya sha. Kafin ya sa hannu a takardar bayanin, wadda da Faransanci ake rubuta ta, ya nemi a karanta masa a fassara, ya tabbatar an rubuta tilas ɗin.

Abin da ya rage ga iyaye da makarantu

Wanda aka fara gaya wa shi ne ke yanke ko maganar za ta ci gaba ko za ta mutu. In ɗanka ko ƙanenka ko abokin ɗakinka ya kawo maka irin wannan magana, ka saurare shi har ya gama. Kada ka tambaye shi me ya kai shi can, ko me ya hana shi ihu. Ka gaya masa ka yarda da shi kuma ba laifinsa ba ne, ka raba shi da wurin, ka raka shi likita. Kada ka kai labarin majalisa, kada kuma ka tara matasa a je a ɗauki doka a hannu, don hakan yana tona asirin wanda aka cuta kuma yana ɓata shara'ar.

Uban da zai ba da ɗansa karatu ko riƙo ya je da ƙafarsa ya ga inda yaron zai kwana da waɗanda zai kwana da su. Ya riƙa kai ziyara ba tare da sanarwa ba, ya keɓe da yaron su yi magana su biyu. Duk makarantar da ta hana uba ganin ɗansa a keɓe, darasin Rigasa ya isa a ɗauke yaron daga can. Shugabannin koleji da lise, kwamitocin iyaye, hukumomin da ke kula da ɗakunan kwanan jami'a da rassan ƙungiyar ɗalibai ta USN, duk wayar da kan da suke yi a kan cin zarafin ƴan mata ya kamata ta ambaci samari da sunansu. Sabon ɗalibi ya san tun ranar da ya shigo ƙofar da zai ƙwanƙwasa, da wanda zai tarar a bayanta, da cewa yana da kwana uku kacal ya fara shan maganin rigakafi.